Yadda Ake Auna Gubar Nukiliya A Cikin Jikin Ma'aikaci

Ran nan malaminmu na kimiyya ya nuna mana hoton wani ɗan baje da ma'aikatan nukiliya ke maƙalawa a riga, mai auna tururin gubar da ya same su daga waje. Sai na ɗaga hannu na ce, "Malam, in mutum ya shaƙi gubar fa?" Ya ce a nan aikin yake, domin baje ba ya ganin cikin mutum. Daga nan ya ba mu wani labari.

Ranar 30 ga Agusta, 1976, a ma'aikatar Hanford ta Amurka, akwatin da Harold McCluskey ke aiki da shi ya fashe. Gilashi da ruwan asid da sinadarin amerisiyam suka shige masa fuska. Don likitoci su san tsawon maganin da za su yi, tilas su san yawan abin da ya shiga.

Shi amerisiyam yana fitar da wani ɗan tururi mai ratsa nama ya fito waje. Saboda haka akan kwantar da mutum a ɗaki mai bangon ƙarfe, a kanga masa na'ura. Abin da ya ba ni mamaki, sau da yawa ƙarfen na tsofaffin jiragen ruwa ne da aka ƙera kafin 1945, don na baya ya gauraya da ƙurar gwajin bom.

Fulutoniyam kuwa ya fi wuya, gama yawancin tururinsa ko takarda ba ya ratsawa. Sai a goge hancin mutum da auduga, a tara fitsarinsa na kwana guda, har da bayan-gida, a yi ta aunawa mako-mako. Kamar mai duban ɗigon tulu ne yana kintatar ruwan da ke ciki. Daga nan a lissafa abin da ya zauna a ƙashi da hanta, da gubar da jiki zai sha cikin shekara 50. Ni dai a ganina kintace ne, amma na masu ilmi.

Maganin ma yakan dagula lissafin. Allurar DTPA tana kama sinadarin ta fitar da shi ta fitsari, sai awo ya nuna fiye da yadda zai nuna ba magani. An yi wa McCluskey ɗaruruwan irin wannan allura. Ya rayu har 1987, ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa.