Maɓallin Sukari a Damtse: Ya Isa a Ajiye Tsinken Huda Yatsa?

'Yan watannin nan saƙonnin murya iri uku suke yawo a wayoyin mutanen Damagaram, har sun kai zaurukan Tirmini. Na farko yana rantsuwa cewa wahalar masu ciwon sukari ta ƙare, domin an fito da wani ɗan farin maɓalli da ake mannawa a damtse, ba huda yatsa, ba zuwa likita, waya kawai za ka kara ta faɗa maka komai. Na biyu ya ce ko maɓallin ma ba ka bukata, akwai agogon hannu mai araha da ke awon sukari ta saman fata. Na uku kuma ya ce duk ƙarya ce, kuɗinmu ake nema.

Ban ɗauki maganar da zafi ba sai ranar da na je Tirmini gaida kawuna, wanda ya shekara tara yana allurar insulin. Ɗansa da ke aiki a Faransa ya aiko masa da maɓallan guda biyu. Na same shi da hantsi, ya gama shan koko, waya a hannun dama, ƙaramar na'urar huda yatsa a hagu. Wayar ta nuna gram 1.60, na'urar yatsa ta nuna 2.10. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, cikin biyun nan wa ke yi mini ƙarya?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, babu mai ƙarya a cikinsu. Mu jira kaɗan mu sake awo." Ashe da ban zo ba, ya riga ya yanke shawarar ɓalle maɓallin ya jefar.

Mu sallami agogon tukuna, don maganarsa ba ta da tsawo. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa ba ta amince da kowane agogo ko zobe da ke iƙirarin awon sukari ba tare da huda fata ba. Wanda ya dogara da lambar irin wannan agogo ya ƙara allura ko ya rage ƙwaya, da ransa yake wasa.

Maɓallin kuwa gaskiya ne, kuma ba jiya aka fara shi ba. Tun 1999 aka amince da samfurin farko a Amurka, na kamfanin MiniMed. A 2014 kamfanin Abbott ya fito da FreeStyle Libre a Turai, wanda shi ne aka fi gani a ƙasashenmu, akwai kuma na Dexcom. Faɗin Libre ɗin da aka saba gani ya ɗan fi tsabar dala ashirin. A ƙarƙashinsa akwai wani siririn zare mai tsawon kusan milimita 5 da ke shiga cikin fata ya zauna. Na Libre yana kwana 14, wasu sababbin 15, na Dexcom da aka fi sani kwana 10. Na Dexcom yana aiko da lamba kowane minti biyar, wato sau 288 tsakanin safiya da safiya, mutum na barci ko yana gona.

Abin da masu saƙon murya ba su faɗa ba, kuma shi ne tushen rikicin kawuna, shi ne wannan zare ba jini yake aunawa ba. Ruwan da ke kwance tsakanin ƙwayoyin nama a ƙarƙashin fata yake ɗanɗanawa. Sukari yakan fara shiga jini, daga nan ya tsattsafa zuwa wannan ruwa, kuma tsattsafar tana ɗaukar minti biyar zuwa goma sha biyar.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san wannan. Idan korama ta kawo ruwa, rijiyar da ke gefenta ba nan take take cika ba, sai ruwan ya bi ta ƙarƙashin rairayi ya iso. Idan koramar ta janye, rijiyar takan ɗan jima da ruwanta kafin ta sauka. Jini shi ne koramar, ruwan fata shi ne rijiyar. Ko mu ɗauki farashin hatsi. Tiya ta hau a Kasuwar Dole da safe, amma mai awo a ƙauye yana nan kan tsohon kuɗi har sai motar Damagaram ta iso da labari. Bai yi ƙarya ba, labarinsa ne ya kwana a hanya. Haka ɗakin soro yake, rana ta faɗi tun ɗazu amma bango yana nan da zafinsa, da safe kuma rana ta fito amma ciki da sauran sanyi. Muddin kasuwa tana zaune, farashin birni da na ƙauye ɗaya ne. Sai lokacin da take hawa ko take faɗuwa da sauri ne ake ganin tazara: bayan koko ko fura, bayan shayi zagaye uku, bayan allura, ko tsakiyar huɗa a gona. Saboda haka ne masu na'urar suka sa wata kibiya kusa da lambar. Gram 1.00 da kibiya a kwance, mutum ya kwantar da hankalinsa. Gram 1.00 da kibiya ta kallo ƙasa sak, ya nemi abin da zai sa a baki, domin jinin ya riga ya wuce inda lambar take.

Bayan wannan jinkiri, akwai kuskure na gaske, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ko a gwajin kamfanonin kansu, lambar maɓallan zamani takan kauce wa awon ɗakin gwaji da kusan kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari a matsakaici. Ranar farko da aka manna ta fi kowace rana rashin tabbas. Idan mutum ya kwanta ya danne maɓallin a kan tabarma, yakan nuna sukari ya faɗi alhali bai faɗi ba. Bitamin C mai yawa yana iya sa wasu samfuran Libre su nuna lamba sama da gaskiya. Maganin hydroxyurea, wanda ake ba wasu masu amosanin jini, wato sikila, yana yi wa na Dexcom haka, kuma kowa ya san yawan masu sikila a ƙasarmu. Kamfani ma yakan yi tuntuɓe, don a watan Yuli na 2024 Abbott ya janye wasu rukunin Libre 3 a Amurka saboda suna nuna lamba sama da ta gaskiya.

Sai kuma zafinmu. Takardar da ke cikin kwalin tana cewa a ajiye maɓallin da ba a buɗe ba a wurin da bai kai digiri 30 ba. Damagaram a watan Afrilu da Mayu tana haura 40. Kwalin da ya kwana uku a bayan mota, ya zauna a shagon kwano, wa zai ba da tabbacinsa? Zufa ma tana ɓamɓare gam ɗin kafin kwanakin su cika, kuma maɓallin da ya faɗi ba ya komawa. Na'urar yatsa ita ma tana da nata raunin: ƙa'idar duniya ta yarda ta kauce da kusan kashi 15 cikin ɗari, kuma yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro ba a wanke ba zai ba da lambar da za ta tsorata gida duka.

Dokar da kamfanonin da likitoci suka haɗu a kanta ɗaya ce. Idan abin da jikinka ke faɗa ya saɓa wa abin da wayar ke nunawa, ka wanke hannu, ka huda yatsa. Mai jin rawar jiki da zufa mai sanyi da duhun ido bai kamata ya zauna yana kallon lamba mai kyau ba. Ke nan wanda ya sayi maɓalli bai rabu da sayen bandalet na na'urar yatsa ba.

Wannan ya kawo mu kan kuɗi. Lokacin da Libre ya fito a Turai, kusan Yuro 60 ake sayar da guda ɗaya. Yuro ɗaya Sefa 655.957 ne, wato jikka 39 da 'yan kai. Shekara tana cin maɓalli 26, wanda ya haura Sefa miliyan ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jikka 42 ne a wata, jikka 504 a shekara. Ko da farashin ya sauka zuwa rabi, albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara guda cur zai tafi, bai sayi insulin ba, bai sayi tiyar hatsi ba. Manomin Tirmini kuwa ba shi da albashin ma. Ban lissafa waya mai iya karanta maɓallin ba, ko na'urar karantawa da ake saye daban, ko kuɗin caji. Bafaranshe ba aljihunsa ne ya fi ƙarfin farashin ba. Inshorar lafiyar ƙasarsu ce ta ɗauki nauyin Libre tun watan Yuni na 2017 ga masu yawan allurar insulin. Ingila ma a 2022 ta ba da shawarar a ba duk mai nau'in farko na ciwon. Mu nan, aljihun mara lafiya da na danginsa ne inshorar.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a yi watsi da shi. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2016 ya nuna masu nau'in farko da suka sa Libre sun rage lokacin da suke yi cikin faɗuwar sukari da kashi 38 cikin ɗari. Uwar da ke tashi tsakar dare tana taɓa goshin yaronta mai insulin ta san darajar na'urar da za ta yi ƙara idan sukari ya yi ƙasa da gram 0.70. Mai juna biyu da ke allura, da dattijon da ba ya jin alamun faɗuwa, su ma suna cikin waɗanda ya fi yi wa amfani. Mai azumi da likita ya yarje masa zai ga lokacin da ya kusa iyakar da aka ce a karya, ƙasa da 0.70 ko sama da gram 3. Wanda ke shan ƙwaya kawai kuma sukarinsa a zaune yake, amfanin da zai samu bai kai kuɗin ba. Idan dangi sun iya sayen guda ɗaya tak, a ɗauke shi a matsayin makarantar sati biyu. A rubuta abin da aka ci da lokacinsa, a ga yadda fura da sukari ke yi, a ga yadda tuwon dare da miyar kuka ke yi, a kai wa likita takardar.

Abin da ke damuna shi ne muna musu a kan rufin ɗaki alhali tushe bai kafu ba. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke da ciwon a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Da yawa sai ƙafa ta yi gyambo ko ido ya dushe ake kai su babban asibitin Damagaram. A 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince cewa kafin 2030 a gano kashi 80 cikin ɗari na masu ciwon, kuma duk mai nau'in farko ya samu insulin da kayan awo a farashin da zai iya. Rage kuɗin asibitocin gwamnati da aka yi a 2024 ya sauƙaƙa wa talaka, amma mai ciwon sukari ba a asibiti yake kashe yawancin kuɗinsa ba, a farmasi ne, wata bayan wata. Ina fata hukumomin lafiya su fara tabbatar da cewa kowace likitar karkara tana da na'urar yatsa mai aiki da bandalet da ba su ƙare ba, da firjin da insulin zai kwana lafiya. Su sa ido kan abin da ake tallatawa a waya da sunan awon sukari. Bayan haka su nemi hanyar sayen maɓallan da yawa a farashi mai sauƙi, a fara da yara. Mu ma jama'a muna da namu laifin, don muna tura saƙon da ya shafi ran mutum ba tare da mun tambayi ko da ma'aikacin jinya ɗaya ba.

Ni da kawu mun zauna a zaure har rana ta ɗaga sosai, kokon ya kwanta, sannan muka sake awo. Yatsa ya ba da 1.70, waya ta ba da 1.75. Ya jinjina kai. Maɓalli na biyu ya ce zai ajiye shi a wuri mafi sanyi a ɗaki, kusa da randa, sai watan azumi idan likita ya yarda. Da na tashi tafiya ya riƙe hannuna ya ce, "In ka koma birni, ka aiko mini da kwalin bandalet. Su ne abokan kullum."