Abin da Aka Gani a Hanjin Reagan

Ranar Juma'a, 12 ga Yuli, 1985, Shugaban Amurka Ronald Reagan ya isa asibitin sojojin ruwa da ke Bethesda, a gefen birnin Washington, shi da maiɗakinsa Nancy. A lissafin kowa, ɗan ƙaramin aiki ne ya kawo shi. Akwai wani ɗan tsiro da likitoci suka gani a hanjinsa tun watan Maris, za a cire, ya kwana ɗaya, gari na wayewa ya wuce Camp David, gidan shaƙatawar shugaban ƙasa, hutun ƙarshen mako. Shekarunsa 74, amma in ka gan shi ba ka ce ba. Mutum ne mai hawan doki, mai faskare da hannunsa a gonarsa ta Kalifoniya. Shekara huɗu kafin nan an harbe shi, harsashi ya shige huhunsa na hagu ya tsaya dab da zuciya, kuma ya miƙe ya koma bakin aiki. A wannan Juma'ar babu inda ke masa ciwo.

Tsiron da aka zo dominsa bai ba da wahala ba, an cire shi, kuma ba mai cutarwa ba ne. Sai dai a wannan karon likitan bai tsaya nan ba. Na'urar da ke hannunsa wani bututu ne mai laushi, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da fitila a bakinsa, ana zura shi ta dubura a riƙa leƙa bangon hanji. Babban hanjin ɗan Adam ya kai kusan mita ɗaya da rabi. Ya taso ne daga ƙasan ciki ta dama, ya haura, ya ratsa ta ƙarƙashin haƙarƙari, sannan ya gangaro ta hagu. Likitan ya bi shi lungu-lungu har ƙuryarsa, can inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba. A nan ya ci karo da wani ƙari mai faɗin kusan santimita biyar, wato kamar ƙwan kaza, wanda babu wanda ya san da zamansa.

Nancy aka fara gaya wa. Daga baya aka sami shugaban da zaɓi: ko ya tafi hutunsa ya dawo a yi aiki a mako mai zuwa, ko a yi washegari. Ya ce a yi gobe. Dalilin da ya bayar kuwa duk wanda aka taɓa yi wa wannan gwaji zai gane shi. Kafin a leƙa hanji sai mutum ya wuni ba abinci, ya ɗura wani ruwan magani mai yawa marar daɗi, ya yi ta zarya banɗaki har cikinsa ya wanke tas. Reagan ya riga ya sha wannan wahala, ba ya son maimaita ta in an ɗage aikin.

Wata matsala ta taso wadda ba ta likitoci ba ce. Za a ba shi maganin barci na awoyi, a zamanin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke zaman doya da manja, kowace da makaman nukiliya a ɗane. Wa zai riƙe ƙasa? Da safiyar Asabar, 13 ga Yuli, kafin a gungura shi ɗakin tiyata, ya sa hannu a wasiƙar da ta miƙa ragamar mulki ga mataimakinsa, George Bush. An shafe kusan awa uku ana aiki. Likitocin, ƙarƙashin Dakta Dale Oller, sun yanke kusan ƙafa biyu na hanji, tare da ƙarin da duk abin da ke kewaye da shi, suka ɗinke bakunan biyu. Da maraice, bayan ya farfaɗo, lauyan fadarsa Fred Fielding da shugaban ma'aikatansa Donald Regan suka kai masa wasiƙa ta biyu, suka tabbatar hankalinsa ya dawo, ya sa hannu ya karɓi abinsa. Mulki ya yi kusan awa takwas a hannun Bush.

Ranar Litinin sakamakon ɗakin gwaji ya fito. Dakta Steven Rosenberg, babban likitan tiyata a Cibiyar Nazarin Ciwon Daji ta Ƙasa, ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗi maganar ba tare da kewaye-kewaye ba: shugaban ƙasa yana da ciwon daji. Ba a saba jin irin wannan ba. A 1893 an yi wa Shugaba Grover Cleveland tiyatar ciwon daji a ganɗarsa, a ɓoye, cikin jirgin ruwa, aka yi shekaru ana musanta wa jama'a. Ga shi yanzu ana zana hoton hanjin shugaba a talabijin, ana nuna wa duniya inda aka yanka.

Bayanin Rosenberg yana da ɗaci, yana kuma da daɗi. Ciwon ya riga ya ci cikin naman bangon hanji, amma bai huda ya fita ba. An duba kaluluwar da ke kewaye, ba a sami komai ba. Hanta lafiya lau. Saboda haka ba a buƙaci ƙarin magani ko gashi ba, wuƙa kaɗai ta wadatar. Mako guda bayan aikin aka sallame shi, kwana uku bayan nan ya tarbi Shugaban Sin Li Xiannian a fadarsa.

Murna ba ta hana tambaya ba, kuma a ganina tambayar ita ce zuciyar labarin. Tun watan Mayun 1984 aka fara ganin ɗan tsiro a hanjin Reagan. A Maris ɗin 1985 aka ga wani, kuma gwajin bayan gidansa ya nuna alamar jinin da ido ba ya gani. Duk waɗannan lokutan ƙasan hanji kawai aka duba, ba a bi shi har ƙarshe ba. Likitoci da dama a Amurka suka fito fili suka ce an yi jinkiri, domin tsiro ɗaya ishara ce cewa wataƙila akwai ɗan'uwansa a can ciki. Mutumin da likita ke bin sa duk inda ya sa ƙafa, sai ga shi ƙari ya girma a cikinsa har ya kai ƙwan kaza. Ga kuma wata alama a gida: 'yan kwanaki kafin a kwantar da shi, an yi wa yayansa Neil tiyatar irin wannan ciwo.

Ba abin mamaki ba ne da bai ji komai ba. Ɓangaren dama na babban hanji yana da faɗi, kuma abin da ke wucewa ta nan ruwa-ruwa ne, don haka ƙari zai daɗe yana girma bai toshe hanya ba. Sai dai ya riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, mutum ya yi ta gajiya yana ɗashewa bai san dalili ba. Yawancin wannan ciwo daga ɗan tsiro marar lahani yake farawa, kuma yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe. Wannan doguwar tazara rahama ce. Na'urar da ke gano tsiron ita ce ke tsinke shi a zama ɗaya, tun bai zama komai ba. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan aka kama ciwon tun yana bangon hanji, kusan mutum tara cikin goma suna haura shekara biyar a raye. Idan ya kai hanta ko huhu, ba su cika biyu cikin goma ba.

Ina karanta tarihin nan, hankalina yana komawa gida. A wajenmu jini a bayan gida sunansa ɗaya, basir. Mai magani yana tasha da lasifikarsa, yana lissafo mai tsiro da mai jini, mutum ya miƙa kuɗi a ƙulla masa gari ko a cika masa jarka. Gaskiya ne, galibin irin wannan jini basir ne. Amma babu mai iya rantsuwa a kan haka sai wanda ya duba, kuma mutum yana iya samun basir da ciwon daji a lokaci guda. Idan jinin ya ƙi tsayawa, ko yanayin bayan gida ya canza makonni, yau gudawa gobe taurin ciki, ko mutum ya fita banɗaki yana jin bai gama ba, ko rama ta kama shi ba dalili, to zance ya wuce na jiƙo. Na san abin da ke riƙe mu, kunya ce. Dattijo mai 'ya'ya da jikoki yana jin nauyin a duba masa wannan wuri. Ina girmama kunyar, amma ba na yarda a biya ta da rai. Gwajin farko ma bai wuce ɗan bayan gida a cikin kwalba ba.

Kada matashi ya ce zancen tsofaffi ne. Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, bai cika arba'in ba sa'ad da aka gano nasa a 2016, ya riga ya kai mataki na uku. Ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekara 43. A 2021 kwamitin ƙwararru na Amurka ya sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45, ko da mutum yana jin garau. Wanda kuwa uwa ko uba ko ɗan'uwansa na jini ya taɓa yi, shawarar likitoci ita ce ya fara tun yana 40, ko ma kafin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mutum fiye da miliyan 1.9 suka kamu, fiye da 930,000 suka rasu.

A makonnin da suka biyo bayan tiyatar Reagan, wayoyin ofisoshin bayar da bayani kan ciwon daji ba su huta ba, mutanen da ba su taɓa furta kalmar hanji a gaban likita ba suka je neman gwaji. Shi kuwa har ƙarshe bai yarda ya kira kansa mai ciwon daji ba. Cewa yake wani abu ne mai ciwon daji aka samu a cikinsa, kuma an cire. Duk da haka bai yi wasa da komawa asibiti ba. An ci gaba da leƙa hanjinsa a kai a kai, kuma a 1987 an sake samun ƙananan tsiro, aka tsinke su tun ba su zama komai ba.

Wata huɗu bayan aikin, a Nuwamban 1985, ya sauka Janeba cikin sanyin hunturu ya zauna da jagoran Tarayyar Sobiyet Mikhail Gorbachev a karon farko. A Disamban 1987 su biyun suka rattaba hannu kan yarjejeniyar lalata makaman nukiliya masu cin matsakaicin zango. Ya kammala wa'adinsa a Janairun 1989. A 1994 ya rubuta wa Amurkawa wasiƙa da hannunsa yana shaida masu cewa cutar mantuwa ta Alzaima ta kama shi. Ya rasu a gidansa da ke Los Angeles ranar 5 ga Yuni, 2004, da ciwon huhu, yana da shekara 93. Kusan shekara goma sha tara ke nan bayan waccan Asabar, kuma ciwon hanjin bai sake dawowa ba.