Tsadar Rayuwa da Abincin Mai Juna Biyu

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na taki suka tashi, a 2024 kuma hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Manoma a ƙauyukan Ƙaraye da Rogo su ma ba su tsira ba.

Idan kuɗi ya yi ƙaranci a gida, ba tuwo ake fara ragewa ba, miya ce ke shan wahala. Nama ya fita, kifi ya bi shi, wake da gyaɗa da ƙwai kuma a kai su kasuwa. Mai juna biyu, wadda sau da yawa ita ce ta ƙarshe wajen ci, sai ta ƙoshi da tuwon masara alhali jininta na raguwa. Abin ya fi tsanani a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga zazzaɓin cizon sauro da ke ƙara cinye jinin.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 61 cikin ɗari na masu juna biyu a Nijeriya suna da ƙarancin jini. Irin wannan mace ko jini kaɗan ta zubar wajen haihuwa yana iya galabaitar da ita, kuma takan haifi bakwaini ko jariri marar nauyi.

Maigida, kafin a sayar da amfanin gona da kaka, a ware wa mai ciki kwanukan wake da gyaɗa ko waken suya na awara. Ba almubazzaranci ba ne. Ya fi kuɗin ledar jini sauƙi. A shanya zogale da rama a inuwa don rani. Ƙananan kifi na madatsar ruwan Challawa ma suna da amfani ƙwarai.

Uwargida, ki fara awon ciki da wuri, ki sha maganin ƙarin jini kullum ko da ya mayar da bayan gida baƙi. Kada ki haɗa shi da shayi, domin shayi yana hana shi shiga jiki. Lemo ko gwaba sun fi. Ki riƙa kwana cikin gidan sauro.

Idan kin ga jiri, haki, bugun zuciya, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari, a kai ki asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira ranar awo.