Daga Ina Ruwa Yake Shiga Tankin Injin Iska?

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato ta wajen Sifawa da Boɗinga zuwa Shagari ya ga masu faci a gindin itace da injinsu na ba taya iska. Wasu masu mota ma kan ajiye irinsa a garejin gida. Idan aka kwance ɗan famfon da ke ƙarƙashin tankinsa, sai ruwa mai launin tsatsa ya zubo, alhali ba wanda ya zuba shi.

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da tururin ruwa da ido ba ya gani. Fistin ɗin injin yana zuƙo ta, ya matse ta cikin ƙaramin wuri. Tun 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan aka matse iska zuwa rabin wurinta, matsinta zai ninka, muddin zafinta bai canja ba. Amma matsewar kan ɗumama iska, shi ya sa bututun ke ƙuna. Da ta huce cikin tanki, sai tururin ya koma ɗigo, kamar raɓar da ke taruwa a jikin kofin ruwan sanyi.

Wannan ruwa yana cin ƙarfe daga ciki, inda ba a gani, har tankin ya yi rauni ya fashe, ya raunata na kusa. Saboda haka a tsiyaye shi kullum bayan aiki, musamman a watan Agusta, lokacin da iska ta fi danshi. Tankin da tsatsa ta huda kuwa kada a kai shi walda, a sake sabo.

Da hunturu ruwan kan ragu, sai ƙura ta toshe matatar iska. A riƙa kakkaɓe ta.