Maganin Ɓeran Da Ya Kayar Da Sabon Magani

A watan Agustan 2022, a taron likitocin zuciya na Turai da aka yi a Basalona, an karanta sakamakon wani bincike mai suna INVICTUS wanda ya ɗaure wa masu binciken kansu kai. Sun yi shekaru suna bin marasa lafiya fiye da 4,500 a ƙasashe 24 na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, har da Najeriya da Sudan, da zaton za su tabbatar cewa wani sabon magani mai sauƙin sha ya kamo tsoho, ko ma ya wuce shi. Sai reshe ya juye da mujiya. Waɗanda aka bari a kan tsohon maganin, wanda da sunan gubar ɓera ya fara shiga kasuwa, su suka fi tsira da rayukansu.

Ciwon da ake magana a kai shi ne hargitsewar bugun zuciya, wanda likitoci ke rubutawa AF a katin asibiti. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri da ke sakin siginar lantarki sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa, kowace sigina bugu ɗaya. Idan ciwon ya kama mutum, sai sigina ta riƙa tasowa ta ko'ina barkatai, fiye da 300 a minti. Ɗakunan sama ba sa iya matsewa su tura jini, sai dai karkarwa. Na ƙasa kuma su riƙa amsawa yadda ta zo musu. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ka saurara na minti guda. Bugun mai lafiya yana zuwa daidai da daidai. Na mai wannan ciwon sai ka ji uku da sauri, shiru, ɗaya mai ƙarfi, biyu masu rauni, ba ka isa ka ce ga lokacin da na gaba zai zo ba. Wasu suna jin faɗuwar gaba da haki da jiri, a ce musu damuwa ce ko gajiya. Wasu kuwa ba sa jin komai, sai ranar da aka wayi gari baki ya karkace, hannu ya saki.

Nan haɗarin yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin yanka ya san jini in ya kwanta wuri ɗaya gudaji yake yi. A jikin ɗakin sama na hagu akwai wata 'yar jaka, kuma idan ɗakin ya daina matsewa jini yakan kwanta a cikinta ya daskare. Gudan ya ɓalle, ya bi jijiya, ya toshe hanyar jini a ƙwaƙwalwa, shi ke nan shanyewar ɓarin jiki ta samu. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda ya fara bin lafiyar mazauna garin tun 1948, ya nuna a 1991 cewa mai wannan ciwon ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau biyar wajen haɗarin shanyewar jiki.

Maganin da ya fara rage wannan bala'i daga garken shanu ya fito. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata harawa da ta yi fumfuna. A 1933 wani manomi ya kai wa Karl Paul Link, masanin sinadarai a Jami'ar Wisconsin, matacciyar saniya da garwar madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa. Daga nan aka gano sinadarin da ke hana jinin kamawa, aka ƙera ɗan'uwansa mai ƙarfi, aka sa masa suna warfarin, aka fara sayar da shi a 1948 don kashe ɓeraye. Sai a 1954 aka yarda a ba mutane. Gwaje-gwajen da aka yi a Denmak da Amurka daga 1989 zuwa farkon shekarun 1990 suka nuna yana rage shanyewar jiki da kusan kashi biyu cikin uku ga masu hargitsewar bugun zuciya. Asfirin, wanda mutane da yawa ke sha da sunan tsinka jini, bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba.

Amma warfarin magani ne mai wuyar sha'ani. Ya yi kaɗan, jini ya daskare. Ya yi yawa, mutum ya yi ta haɓo, dasashi ya yi jini, ko jini ya tsinke a cikin ƙwaƙwalwa. Dole a riƙa awon jini da ake kira INR, ana neman lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3, ana ƙara rabin ƙwaya ana ragewa. Abinci ma yana taɓa shi: wanda ya yi mako yana shan miyar alayyahu kullum, mako na gaba bai ga ganye ba, lambarsa za ta yi ta hawa da sauka. Maganin tarin fuka yana rage masa ƙarfi, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna ƙara masa, kuma yana iya nakasa ɗan tayi a farkon ciki. Ga wanda asibitin da ke yin awon yake nesa da garinsu, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa ya watsar.

Shi ya sa aka yi murna da sababbin magunguna huɗu da sakamakon manyan gwaje-gwajensu ya fito tsakanin 2009 da 2013: dabigatran, rivaroxaban, apixaban da edoxaban. An gwada su a kan mutane fiye da 70,000 a jimilla. Ba sa buƙatar awon INR, ba ruwansu da miyar ganye, suna kare mutum kamar warfarin ko fiye, kuma zubar jini a cikin kai ya ragu da kusan rabi. A Turai da Amurka cikin 'yan shekaru suka ture warfarin gefe.

To, amma su wa aka gwada? Galibi dattawa ne masu shekara 70 ko kusa da haka, waɗanda tsufa da hawan jini da ciwon suga suka jawo musu ciwon. Da gangan aka tsame masu matsananciyar ƙuntatar ƙofar zuciya ta hagu. Wannan ƙuntatar kuwa ita ce babbar hanyar da ciwon ke kama matasa a ƙasashe masu talauci. Farkonta ciwon maƙogwaro ne a yarinta, na wata ƙwayar cuta da fenisilin ke kashewa. Idan ba a yi magani ba, garkuwar jikin wasu yaran sai ta juya kan gaɓoɓinsu da ƙofofin zuciyarsu. Shekara goma ko ashirin bayan haka ƙofar ta yi tauri ta tsuke, ɗakin sama ya kumbura, bugu ya hargitse. A ƙididdigar 2019, mutane kusan miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan lalurar a duniya, tana kashe kimanin 300,000 a shekara. A wata ƙididdiga mai suna REMEDY da aka buga a 2015, ta marasa lafiya 3,343 daga ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yemen, rabinsu ba su haura shekara 28 ba, biyu cikin uku mata ne, kuma fiye da ɗaya cikin biyar bugun zuciyarsu ya riga ya hargitse.

Ga waɗannan ne aka shirya INVICTUS, ƙarƙashin jagorancin Stuart Connolly na Jami'ar McMaster a Kanada da Ganesan Karthikeyan na New Delhi. Dalilinsu mai kyau ne: a wuraren da awon INR ke wuya, ƙwayar rivaroxaban ɗaya a rana ba tare da awo ba ai rahama ce. Aka raba marasa lafiyar gida biyu ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta, don kada likita ya zaɓar wa masu dama-dama sabon magani. Matsakaicin shekarunsu 50 ne, kashi 72 cikin ɗari mata. Aka bi su shekara uku da 'yan kai. Cikin 2,275 da suka sha rivaroxaban, 560 suka mutu ko suka gamu da shanyewar jiki ko bugawar zuciya ko toshewar wata jijiya. Cikin 2,256 da suka sha warfarin da danginsa, 446. Mafi yawan bambancin a mace-mace yake. Zubar jini mai tsanani kuwa, wadda ita ce abin tsoro a warfarin, ba ta bambanta sosai ba tsakanin gidajen biyu.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne yadda aka mutu. Rarar mace-macen ba ta shanyewar jiki ba ce galibi, mutuwar fuju'a ce da gazawar zuciya, abubuwan da ba a san maganin tsinka jini da hanawa ba. Masu binciken sun kawo dalilai biyu da za su iya taka rawa. Masu shan rivaroxaban sun fi daina shan nasu. Masu shan warfarin kuma awon jini ya tilasta musu ganin ma'aikacin lafiya kusan duk wata. A farkon binciken ɗaya cikin uku ne kawai lambarsu ke daidai, bayan shekara uku sun kusa biyu cikin uku. Ni dai wannan na biyun ya fi tsaya mini a rai, ko da yake ba a tabbatar da shi ba: wanda ake gani duk wata, ƙafarsa ba za ta kumbura wata uku ba a lura ba. Wahalar da aka so a ɗauke musu mai yiwuwa ita ce ta riƙe su kusa da asibiti.

Saboda haka idan an ce wa mutum bugun zuciyarsa ya hargitse, tambayar farko ita ce me ya jawo, kuma hoton zuciya na eko ne ke nuna halin da ƙofofin ke ciki. Dattijo mai hawan jini da lafiyayyun ƙofofi, sababbin magungunan sun fi dacewa da shi in aljihu zai ɗauka. Mai ƙuntatar ƙofa da mai ƙofar ƙarfe da aka dasa masa, warfarin ne nasu, da awonsa da komai. Ɗa ya aiko wa uwarsa magani mai tsada daga waje da kyakkyawar niyya, ko mai kemis ya ce ga wanda ya fi na asibiti, wannan ba dalilin canzawa ba ne sai likitan da ya ga hoton ya ce.

Wani binciken kuma ya koma can baya, kafin ƙofar ta lalace. A Gulu, arewacin Uganda, an yi wa 'yan makaranta fiye da 100,000 hoton zuciya, aka ware kimanin 800 masu shekara 5 zuwa 17 da ciwon ƙofar zuciya ya fara taɓawa ba tare da sun sani ba. Rabinsu aka riƙa yi musu allurar fenisilin duk mako huɗu har shekara biyu. A cikin waɗanda ba a yi wa ba, ciwon yara 33 ya ci gaba. A cikin waɗanda aka yi wa, 3 ne kacal.