Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya da Taronta na Shekara: Rabon Ƙananan Garuruwa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asalin Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya, da yadda take gudanar da taronta na shekara-shekara, da irin tasirin da taron ya yi ga nazarin tarihin ƙasar Hausa. Daga nan za a waiwayi yankin Kazaure da Ɓaɓura, inda garin Kanya Babba yake, domin a ga abin da ya rage wa manazarta.

2.0 Asalin Ƙungiyar

An kafa wannan ƙungiya a Ibadan cikin shekarar 1955, a ƙarƙashin jagorancin Kenneth Dike, wanda ya zama shugabanta na farko. Daga cikin waɗanda suka ɗauki ɗawainiyarta tun farko har da H.F.C. Smith, wanda bayan ya musulunta aka fi saninsa da Abdullahi Smith. A wancan zamani abin da ake koyarwa a makarantu da sunan tarihin Afirka, galibinsa labarin zuwan Turawa ne da ayyukansu. Ƙungiyar ta tashi ne domin ta tabbatar da cewa mutanen ƙasar nan suna da tarihin kansu, kuma ana iya rubuta shi bisa hujja, daga littattafan Larabci da na ajami, da labarun baka, da abubuwan da aka haƙo daga ƙasa. A 1956 ta fara buga mujallarta, a 1965 kuma ta ƙaro wata mai suna Tarikh saboda ɗalibai da malaman makarantu. A 1980 ta fitar da babban kundin tarihin Nijeriya wanda Obaro Ikime ya tace.

3.0 Yadda Taron Yake Gudana

A bisa al'ada, shugabannin ƙungiya ke zaɓen jigon taro, sa'an nan wata jami'a ta karɓi baƙuncinsa, ana zagayawa daga wannan gari zuwa wancan. Kowane mai maƙala yakan karanta abin da ya gano, mahalarta su yi masa tambayoyi, su nemi ya faɗi madogararsa. Maƙalar da ta jure wa wannan tankaɗe da rairaya ita ake gyarawa a buga. Muhimmancin taron ke nan: ra'ayin mutum ɗaya ba ya zama abin koyarwa sai ya bi ta hannun tsaransa.

4.0 Tasirinsa ga Tarihin Ƙasar Hausa

Maƙalu biyu na Abdullahi Smith sun isa misali. Ta farko, wadda mujallar ƙungiyar ta buga a 1961, ta nuna cewa masana sun yi sakaci da jihadin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma. Wannan kira ya buɗe ƙofar bincike mai yawa, ciki har da littafin Murray Last a kan Daular Sakkwato, na 1967. Ta biyu, ta 1970, ta yi jayayya da masu ɗaukar labarin Bayajida a matsayin mafarin sarauta a ƙasar Hausa. A ganinsa, sarauta ta tsiro ne sannu a hankali, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni mai mallakar ƙasa.

Wannan tsari na taro ya yi rassa a Arewa. An yi taron ƙara wa juna sani na Sakkwato a 1975, Yusufu Bala Usman ya tace maƙalunsa aka buga a 1979. Jami'ar Bayero ta shirya taro a kan tarihin Kano a 1981, da wani a 1985, Bawuro Barkindo ya tace littattafansu a 1983 da 1989. Haka kuma Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda Smith ya kafa a 1970, ya zama ma'ajiyar takardu da rubuce-rubucen hannu.

5.0 Rabon Yankin Kazaure da Ɓaɓura

Duk da wannan ƙoƙari, akasarin nazarin ya fi karkata ga manyan birane, domin a nan rubutattun madogara suka taru. Abin da aka fi sani game da Kazaure shi ne Ɗantunku ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a bayan hawansa a 1819, aka yi shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, Kazaure ta tsaya da ƙafarta wajen 1824. To amma Kano ce ta fi rubuta wannan labari, kamar a littafin Alƙali Muhammadu Zangi, don haka da idon Kano aka fi kallonsa.

Roni da Gwiwa suna cikin masarautar Kazaure. Ɓaɓura kuwa, da Kanya Babba da ke ƙarƙashinta, ta zauna a masarautar Kano har zuwa 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa da masarautar Ringim. Yanki ne na bakin iyaka, mai maƙwabtaka da Daura da Damagaram. A irin wannan wuri ne za a fi gwada ra'ayin Smith: yaya gari yake kafuwa, wa ya haƙa rijiyar farko, wace kasuwa ta jawo baƙi, ina aka kai haraji kafin jihadi da bayansa? Amsoshin suna bakin dattawa da maroƙa, da jerin sunayen dagatai, da takardun da ke cikin gafakar malamai.

6.0 Kammalawa

Akwai matsaloli biyu a nan. Ta farko, da Ingilishi ake gudanar da taron, alhali masu riƙe da labarin da Hausa suke magana, saboda haka abin da aka ɗebo daga gare su ba ya komawa wurinsu su gyara. Ta biyu, dattawa ba sa jiran mai bincike, gara kuma ba ta jiran mai adana takarda. Ya kamata ɗaliban manyan digiri su riƙa ɗaukar gari guda su yi masa nazari mai zurfi, su kai sakamakon gaban taro a tace shi, sa'an nan a mayar da shi cikin Hausa a karanta wa mutanen garin. Da haka tarihin ƙasar Hausa zai zama na birni da ƙauye baki ɗaya.