Kiɗan Bori a Birnin Kano

Tun kafin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, akwai wani kurmi a bakin Jakara wanda mutanen Dala suke girmamawa, suna jin tsoronsa. Littafin Tarihin Kano ya kira shi Kurmin Baƙin Ruwa. Bautar iskoki irin ta wancan zamani ta shuɗe, amma ɓurɓushinta ya saura cikin bori.

Kayan kiɗan bori su ne garaya mai tsirkiya biyu, abokiyar buta, da goge mai tsirkiya ɗaya, abokin ƙwarya. Kowane iska da takensa da kirarinsa, kamar su Kuturu da Ɗan Galadima da Sarkin Rafi. Sai an kaɗa wa iska takensa sa'an nan ya hau dokinsa, watau ɗan bori.

Bayan jihadi ya ci Kano a 1807, da kuma bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, bori ya ƙara shiga ɓoye. Fremont Besmer ya bayyana wannan kiɗa cikin littafinsa na 1983. Amma take ba ya zama a takarda. In makaɗi ya rasu ba magaji, da shi ake binne ilminsa.